Ƙwan Gimbiya a Ɗakin Na'ura

Litinin, da hantsi

Na koma takarda da biro. Tunda an ce waya kunne ce, na'ura ma kunne ce, to wannan dai ban ga inda za a liƙa masa kunne ba.

Da safe Darakta ta tara mu, ta ce umarni ya zo daga sama: duk na'urar sadarwa da aka sayo daga can ƙasar sai an bincika ta, don ana zargin tana kwashe sirrin gwamnati tana aikawa gida. Ba ta faɗi sunan ƙasar ba, da leɓe ta nuna gabas. Mu da aikinmu duka bai wuce kwalbati da magudanar ruwa ba! Wanda ke son sirrin magudananmu ai sai ya jira damina, ya tsaya a bakin titi.

Kowa ya yi dariya ban da ni. Babbar na'urar da wayoyin ofis da intanet ɗinmu ke bi ta cikinta, daga can ƙasar take. A bayanta, daidai inda fankarta ke huro iska mai ɗumi, akwai kwali. A cikin kwalin akwai ƙwan Gimbiya.

Litinin, da yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata ta daina dukan tara-tara.

Gimbiya kazar Inna ce. A asibiti Inna ba ta ce min in kula da gida ba, ba ta ce in kula da ƙannena ba, cewa ta yi, “Ka kula min da Gimbiya, ta kusa kwanci.” Na ce to. Sai ga shi ranar da gidan ya cika da mutane, Gwaggo ta duba ta ga baƙi ba abin da za a ba su, ta sa aka kama ta. Da na yi magana wai sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wallahi ba don Gwaggo ce ba!

Ƙwan na tsira da su. A gida wuta sai ta ga dama take zuwa, kuma ba ni da wata kaza. Duk garin nan wuri ɗaya na sani da wuta ba ta yankewa, ɗumi kuma ba ya canjawa. Na ɗauko kwalin da na'urar ta zo a cikinsa daga sito, inda nake aiki, mai rubutun can ƙasar a jiki, na shimfiɗa tsumma, na ajiye murfin kwalba da ruwa, na jera su.

Mabuɗin ɗakin na Injiniya ne. Tare muka fara aiki da shi, tun muna samari ba mu da komai sai wando ɗaɗɗaya. Na ce masa, “Mutumina, ara min mabuɗi, bayana ke ciwo, ina son in riƙa miƙewa a sanyin ɗakinka.” Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Sito, bayan nan naka sau nawa yake ciwo a yini?” Na ce safe, rana, da yamma. Ya miƙo min. Bai san komai ba, bawan Allah.

Ƙwai sai an riƙa juya shi, in ba haka ba ɗan ya manne a ɓawo. Inna ce ta koya min.

Talata, bayan azahar

Kwamiti ya iso. Shugabansu wani dogo ne mai baƙin gilashi, ko a cikin ɗaki ba ya cire shi. Ya sa an ajiye kwando a ƙofar ɗakin taro, kowa ya zuba wayarsa kafin ya shiga. Shi kuma tasa ta yi ƙara a tsakiyar jawabi, ya zaro ta, na leƙa bayanta. Can ƙasar. Na yi shiru, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ya tambayi Injiniya, “Kai ka ba da shawarar a sayo ta?”

“Ni ne, yallaɓai. Ita ce ta fi ƙarko, kuma ita kuɗin da aka ware ya isa.”

“Za ka iya rantsuwa ba ta aika komai waje?”

Maimakon ya ce e a wuce wurin, sai Injiniya ya gyara zama. “Ba zan iya ba, yallaɓai. Takan karɓi gyara daga kamfaninta ba tare da na ga abin da ke ciki ba. Amma wadda za ku kawo a madadinta ma haka take. Abin da ba kai ka ƙera ba, amana ka ɗauka.”

Mai Gilashi ya ce, “To amanar ƙasa ba a ba da ita ga wanda ba a ga fuskarsa ba.” Gaskiya maganar ta shige ni, ban so ta shige ni ba.

Injiniya ke nan. Gaskiyarsa ta yi yawa, kamar gishirin sabuwar mai girki.

Alhamis, da safe

An kawo shawarar a kashe na'urar har a gama bincike. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da shekara da shekaru ban taɓa cewa uffan a taro ba, sai ga ni ina dukan tebur, ina cewa kashe ta zalunci ne, akwai rayuka da suka dogara da ita. Darakta ta saki baki. Mai Gilashi ya ce, “Waɗanne rayuka?” Na ce na talakawa.

An fasa kashewa, amma ba don ni ba. Darakta ce ta tuna wayar teburinta ma ta nan take bi.

Yanzu a ofis wai sunana Jakada, na can ƙasar.

Alhamis, da yamma

Maman yara ta lulluɓe talabijin da zane, wai ita ma tana ji. Ta juya fuskar rediyo ta kalli bango. Ta ce, “Baban yara, kai ma kwana biyun nan kamar an saka maka wani abu a ciki.” Na ce gajiya ce.

Juma'a, da hantsi

Mai gadi ya shaida wa kwamiti cewa yana jin ƙofar ɗakin na'ura tana buɗewa safe, rana, da yamma, har ranakun hutu. Bai ga mai shiga ba, don kujerarsa tana bayan ginshiƙi, kuma shi da barci ba a shiga tsakaninsu.

Mai Gilashi ya ce, “Mabuɗi nawa ne?”

Injiniya ya ce, “Ɗaya ne.”

“To wa ke shiga?”

Ina zaune kusa da shi, har gwiwarmu tana taɓa juna. Mabuɗin yana aljihuna, ya yi min nauyi kamar dutsen niƙa. Na buɗe baki. Na rantse na buɗe shi.

Injiniya ya ce, “Ni ne.”

Da aka tashi na zura masa mabuɗin a hannu a kan matakala. Bai dube ni ba, ya ce, “Ya bayan?” Na ce da sauƙi.

Juma'a, da yamma

Ai ba ni na ce ya ce shi ne ba.

Litinin, da safe

An canja kwaɗo. Sabon mabuɗin yana wuyan Mai Gilashi, a jikin igiya. Ba mai shiga sai kwamiti, da Injiniya da suke tasawa gaba safe da yamma, ya yi musu bayanin kowace waya daga ina ta fito, ina ta nufa.

Ba wanda zai juya ƙwan. Na tsaya a bakin ƙofar har mai shara ta ce in ɗaga ƙafa.

Talata, bayan la'asar

Na gwada. Na ce wa Mai Gilashi akwai kwalin sito da ya kamata in ƙirga a ciki. Ya ce, “Wane kwali?” Na ce a'a, na tuna, ba a nan yake ba. Ya cire gilashin a karo na farko ya dube ni. Gara da gilashin.

Laraba, da rana

Mutane sun daina zama kusa da Injiniya a wurin mai shayi. Da can sai an yi rububin benci, don shi ke gyara wa kowa waya kyauta. Yau shi kaɗai a benci guda, yana ta juya cokali a kofi. Akawu ya raɗa min cewa dama shi tuntuni ya lura Injiniya yana yawan cin abinci da cokali mai yatsu. Sakatariya kuma ta ce ta taɓa jin ya yi atishawa ba irin tamu ba.

Ni ban zauna da su ba, ban zauna da shi ba. Na sha nawa a tsaye.

Alhamis, da safe

Na yi mafarki Gimbiya ta zo ofis da baƙin gilashi.

Asabar, da hantsi

Na je gidan Inna in ɗauko wasu kaya. Kaskon ruwan kaji yana nan inda yake, ya bushe. Ban shiga ɗakinta ba, na ce sai wani lokaci. Na zauna a tsakar gida ina ta lissafin ko ƙwan da ba a juya ba yana iya yin rai. Gwaggo ta ce me nake ƙirgawa da yatsu kamar mai bin bashi, na ce ba komai.

A hanyar dawowa na bi ta layin su Injiniya. Na ga motarsa a ƙofa. Na ƙara sauri, don hadari ya haɗu.

Hadarin bai zubar ba.

Litinin, da yamma

An dakatar da Injiniya.

Suna cikin ɗakin, Mai Gilashi ya juya zai amsa waya, da ya waiwayo sai ya ga hannun Injiniya har gwiwa a cikin wani kwali a bayan na'ura, kwali mai rubutun can ƙasar. Ya daka tsawa, 'yan kwamiti suka yi waje da gudu, ɗaya har ya bar takalmi. Aka tambaye shi me ke ciki, ya ce ba zai faɗa ba. Aka ce ya san abin da wannan ke nufi? Ya ce ya sani.

Ba wanda ya yarda ya buɗe kwalin. Mai Gilashi ya sa an zagaye shi da jan tef daga nesa, da sandar mai shara, ya ce kada a taɓa, kada a kashe komai, sai ƙwararre ya zo ranar Alhamis. Ranar kuma za a miƙa Injiniya ga waɗanda suka fi kwamiti, irin waɗanda in sun tafi da mutum ba a tambayar yaushe zai dawo.

Na ga fitarsa ta tagar sito. Yana riƙe da kofin shayinsa da tabarmar sallarsa.

Ban san me hannunsa yake yi a ciki ba. Ba na son in sani.

Talata, da safe

Ƙarya nake yi.

Talata, bayan magariba

Na je. Maman yara ce ta kore ni, ta ce, “In ba za ka je gidan amininka ba, ni zan je, kuma zan ce musu mijina ba shi da lafiyar zuciya.” Ba ta san komai ba, amma ta san ni.

Matarsa ta buɗe min, idonta ya kumbura. Ta ce maƙwabta sun hana 'ya'yansu wasa da nasu, an rubuta musu wani abu da gawayi a jikin katanga, ta wanke. Ta kawo ruwa, na kasa sha.

Shi kuwa yana zaune a tabarma yana gyaran fankar maƙwabcin da ya hana 'ya'yansa zuwa. Ya ce, “A'a, Jakada! Ya bayan?”

Na ce, “Mutumina...” sai maganar ta tsaya.

Ya ce, “Kwantar da hankalinka. Na juya su safe da yamma, ban tsallake ba. Na ƙara ruwa a murfin. Kuma kamun ya zo daidai, don kwana ukun ƙarshe ba a juyawa. Ɗaya ya lalace, na sa shi a aljihu na fita da shi, ya fashe min a gaban 'yan kwamiti, suka ɗauka cikina ne.”

Na ce tun yaushe ya sani.

“Tun ranar farko. Kai wane irin mai ciwon baya ne ke shiga ɗaki da ruwa a murfin kwalba?”

Na ce to me ya sa bai faɗa musu ba, ya tsira?

Ya ajiye sukudireba. “In na faɗa, a ranar za su watsar da su a bola, kai kuma su kore ka. Shekara nawa ina cin abinci a gidan Inna lokacin da ba ni da ko sisi? Ta taɓa tambayata daga ina na fito? Sito, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ka ɓoye min ƙwai, na ƙyale ka. Yanzu ka yi min abu ɗaya, ka rufe bakinka zuwa Juma'a. Su fito tukuna.”

Na ce, “Alhamis za su tafi da kai.”

Ya ce, “Kwana ɗaya ne. Ba za su cinye ni ba.”

Matarsa tana bakin ƙofa, ta ji wannan na ƙarshen. Ta dube ni. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Laraba, da rana

Ɗan kwamitin da aka sa gadin ƙofa ya kawo rahoto cewa kwalin ya fara aika saƙo. Wai ƙwas, ƙwas, sai ya yi shiru, sai kuma ƙwas. Mai Gilashi ya kara kunne a jikin ƙofar, ya ce tabbas, wannan salon nasu ne. An kwashe mutanen hawa na biyu an mayar da su ƙarƙashin bishiya.

Ni na shiga sito na rufe ƙofa, na yi ta tsalle ni kaɗai kamar mahaukaci. Suna da rai! Sai kuma na zauna a kan kwalin takardu, tsallen ya fita daga jikina.

Ƙwai in ya fara ƙyanƙyashewa ba a buɗe masa iska. Wannan ma Inna ce ta faɗa.

Laraba, da yamma

Ka kula min da Gimbiya.

Ai ba ta ce in kula da ita da bayan wani ba.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta.

Ƙwararre ya kira ya ce sai gobe, jirginsa ya makara. Amma motar masu tafiya da Injiniya ba ta makara ba. Baƙa ce, ba lamba, da mutum biyu da ba sa amsa sallama. Aka kawo Injiniya ɗakin taro, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya riƙe 'yar jaka da matarsa ta haɗa masa. Ya hango ni, ya girgiza min kai a hankali.

Na miƙe na ce, “Ranki ya daɗe, ƙwai ne.”

Darakta ta ce, “Mene?”

“Ƙwan kaza ne a kwalin. Nawa ne. Ni nake shiga ɗakin, shi juya min su kawai yake yi.”

Injiniya ya ce, “Ƙarya yake yi, yallaɓai, ba shi da lafiya, bayansa ke ciwo.”

Mai Gilashi ya ce wannan tsohuwar dabara ce, ɗan leƙen asiri ya fake da shirme. Na ce to a ba ni mabuɗi in buɗe, in bam ne ni zai fara ci. Suka tsaya can ƙarshen baranda, mutum biyun nan na baƙar mota har da laɓewa a bayan Darakta. Na yanke jan tef ɗin. Na san abin da sanyin iskar esi zai yi wa waɗanda ba su gama fitowa ba. Na buɗe.

'Yan tsaki biyu sun riga sun fito, sun bushe, suna tsaye suna kallona kamar na makara. Na ɗauko su a tafin hannu na fito baranda. Ɗaya ya yi tsiyau, ɗan kwamitin nan mai takalmi ya sake barin takalmi.

Mai Gilashi ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, “Wannan ba ya nufin na'urar ba ta da laifi.” Injiniya ya ce, “Haka ne, yallaɓai.” Ya sa aka kashe ta nan take, ya ce ya gaji. Na ji fankar tana rage gudu har ta tsaya.

Sauran ƙwan na rungume su a cikin rigata har gida. Ba su fito ba.

Baƙar motar ta koma ba kowa a baya.

Juma'a, da hantsi

An mayar da Injiniya bakin aiki. Ni an ce in zauna a gida sai an neme ni, kuma yadda Darakta ta faɗi maganar, ba na jin za a yi saurin nema. Akawu ya ce shi dama bai taɓa zargin Injiniya ba. Sabuwar na'ura za ta zo daga wata ƙasar, Darakta ta nuna yamma da leɓe.

Maman yara ta ji labarin duka. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta yi kuka, sannan ta tambaye ni me za mu ci.

Asabar, da yamma

Injiniya ya zo da akwatin katako da ƙwan fitila da ƙaramin batir, ya haɗa musu ɗaki a gefen kicin. Bai gaishe ni ba sai da ya gama.

Ya ce, “Kwana ɗaya, Sito. Kwana ɗaya ka kasa. Da yanzu duk sun fito.”

Na ce, “Da kai kuma ba ka fito ba.”

Ya ce, “Wawa.” Na ce na gode.

Na juya ƙwan fitilar na karanta gindinsa. Can ƙasar. Ya ce in ina da wanda na ƙera da hannuna in kawo.

Muka tsuguna muna kallonsu. Ɗaya fari ne, ɗayan kuma yana da ɗigo-ɗigo a wuya, kuma ya riga ya fara ture ɗan'uwansa daga kaskon ruwa. Injiniya ya nuna shi da sukudireba, ya ce, “Wannan halin Gimbiya ne sak.” Can ya ce, “Allah ya jiƙan Inna.”

Mutane da yawa sun faɗa min haka a makonnin nan, kai kawai nake ɗagawa. Yau na ce amin da bakina, muryar ta fito wata iri, shi kuma ya yi kamar yana gyara wayar batir har na gama.

Inna ta rasu. Gobe zan shiga ɗakinta, ya ce zai raka ni.